Audu Bako: Gwamnan da ya gina wa Kano wuraren shaƙatawa, ya kai wa Kura da Bunkure ruwan noman rani

Duk baƙon da ya sauka Kano da niyyar buɗe ido, akwai wuraren da aka saba kai shi. Za a hau da shi Dutsen Dala ya hango birnin daga sama, a bi da shi ta gefen abin da ya rage na badala, a nuna masa Gidan Rumfa da Gidan Makama, a shiga da shi lungunan Kasuwar Kurmi, sannan a tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma zane a baba. Waɗannan duk gadon sarakuna ne da masu sana'a na ɗaruruwan shekaru. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, shi kuma Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da sarakunan Kano ke zaune a cikinta har yau.

Amma idan aka gama da cikin birni, baƙo ya ce a ƙara masa, sai a nufi Gidan Zoo, ko a ɗauki hanyar kudu zuwa Bagauda da Tiga. Waɗannan kuma ba su wuce shekara 50 da 'yan kai ba, kuma dukkansu suna komawa ga mutum guda: Kwamishinan 'Yan Sanda Alhaji Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

Mutanen birni sun fi tuna shi da gidan namun daji da otal-otal da sakatariya. Manoman Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa, abin da ke tuna musu shi yana gudana ta bakin gonakinsu kullum. Ruwan da aka tare domin a yi wa Kano wurin shaƙatawa shi ne ruwan da ya mayar da wannan yanki ɗaya daga cikin manyan wuraren noman rani a Najeriya. Labarin Audu Bako labarin waɗannan abubuwa biyu ne, da yadda ɗaya ya dusashe ɗaya ya ɗore.

Ɗan bariki

An haifi Audu Bako a 1924 a barikin 'yan sanda da ke Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe shekara 36 yana aiki, daga baya ya zama shugaban al'ummar Sabon Gari a Kaduna. A lokacin Kaduna sabon gari ne da Turawa suka kafa domin ya zama hedikwatar Arewa, ya tara ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban. A cikin wannan cakuɗa yaron ya tashi.

Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, daga nan ya wuce Midil ta Zariya. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sahun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya koyar da dokokin aikin a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya riƙa hawa mataki-mataki har ya kai muƙamin mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya.

Wannan muƙami na ƙarshe ya ba shi ilimin da ya amfane shi daga baya. A zamanin, kowace masarauta tana da 'yan dokanta da gidan yarinta da kotunanta. Wanda ke kula da 'yan doka dole ya san fada, ya san hakimai, ya san inda talaka ke kuka da inda tsarin ke aiki. Saboda haka ko da yake Audu Bako ba a Kano aka haife shi ba, bai shigo mulkinta a matsayin wanda bai san yadda En'e ke tafiya ba.

Sabuwar jiha a bakin yaƙi

A ranar 27 ga Mayun 1967, Yakubu Gowon ya rushe tsarin manyan jihohi huɗu, ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Shida daga ciki a Arewa suke. Sauran biyar an haɗa larduna biyu ko fiye aka yi su, Lardin Kano ne kaɗai ya tsaya da ƙafarsa ya zama jiha. Jihar ta haɗa masarautun Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure, wato har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991.

Aka naɗa Audu Bako gwamna. Yana cikin jami'an 'yan sanda uku da aka ba jihohi a Arewa, tare da Usman Faruk a Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. Cikin makonni kaɗan Yaƙin Basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai a Janairun 1970. Kenan shekarunsa na farko ya yi su ne a lokacin da hankalin Gwamnatin Tarayya da kuɗinta suka karkata fagen daga, kuma Kano na fama da gurbin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka bar garin sanadiyyar rikicin 1966.

Sai da aka kafa komai daga tushe: ma'aikatu, ofisoshi, gidajen ma'aikata. Abu na farko da ya nuna irin tunaninsa shi ne mutanen da ya jawo cikin majalisarsa. Akwai Alhaji Yusuf Maitama Sule, tsohon ministan jam'iyyar NPC, akwai Alhaji Tanko Yakasai, jigon NEPU, jam'iyyun da 'yan shekaru kafin nan ba sa ga maciji da juna. Akwai Alhaji Aminu Ɗantata daga ɓangaren 'yan kasuwa, da Alhaji Inuwa Dutse wanda ya riƙe ma'aikatar gona. A fada kuma akwai matashin sarki, Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1963, kuma shi ma ya taɓa riƙe shugabancin 'yan dokan Kano.

Gwamnatinsa ta yi garambawul ga tsarin En'e. An rage ikon da masarautu ke da shi a kan harkokin mulki, wasu ayyukan suka koma hannun gwamnatin jiha, kuma a wannan zamanin ne kotuna da 'yan doka da gidajen yari suka fita daga hannun sarakuna a Arewa. Hujjar da gwamnan ya kafa ita ce sauyin zai kare martabar sarakuna a matsayinsu na iyayen ƙasa da shugabannin addini. Ya kuma matsa a kan karatun 'ya'ya mata, inda ya riƙa kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka buɗe makarantu da kwalejojin horon malamai mata.

Matsalar da ya tarar a karkara

Kano na cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma tun kafin zuwan Turawa. A ƙauyukan da ke kewaye da birni kusan babu saura, ana noma gona ɗaya kowace shekara ana ciyar da ita da taki. Damina kuma ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da an girbe gero da dawa da gyaɗa, sai magidanta da samari su ɗaure kaya su tafi cirani, ba su dawowa sai an ga hadari.

Ba wai ba a san noman rani ba. Akwai masu lambu a fadamu da bakin koguna, suna ɗebo ruwa da jigo su shayar da 'yan fangalolin albasa da alkama da barkono. Sai dai abin da jigo zai iya shayarwa kaɗan ne. Garin Kura kansa a lokacin an fi saninsa da rini da bugu. Daga can ake fitar da baƙin rawani mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, da turkuɗi, waɗanda Buzaye ke saye har cikin Sahara.

Ga shi kuma ruwa na wucewa a banza. Kogin Kano yana tasowa daga tsaunukan kudancin jihar, ya cika ya batse da damina, ya haɗu da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗejiya, ya nufi gabas. Da rani sai ya koma yashi. Tunanin Audu Bako da mutanensa shi ne a tare ruwan damina a ajiye, a riƙa sakinsa a hankali cikin watannin da ba a ruwa.

Daga Bagauda zuwa Tiga

An fara da ƙarami. A 1969, yaƙi bai ƙare ba, aka soma ginin madatsar ruwa ta Bagauda, wadda ke ɗauke da sunan sarkin Kano na farko da tarihi ya ce ya hau mulki a shekara ta 999. Daga Bagauda aka ja ruwa zuwa Kadawa, aka buɗe gonakin gwaji domin a ga ko ƙasar za ta karɓi alkama da tumatur da rani, kuma ko manoma za su rungumi sabon tsarin. Kamfanin ƙwararru na NEDECO daga ƙasar Holan ne ya yi nazarin ƙasa da zanen babban aikin da ya biyo baya.

Gwajin ya yi kyau, sai aka shiga babban aikin. A farkon shekarun 1970 aka fara ginin madatsar Tiga a kan Kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni, aka kammala a 1974. Bangon madatsar na ƙasa ne da aka dandaƙe, tsawonsa ya kai kusan kilomita 6. Tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin aikin, abin da ba kasafai ake gani ba a ayyuka masu girman haka.

Ana cikin ginin, fari ya auka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974. Amfanin gona ya lalace, dabbobi suka mutu, mutane suka kwararo Kano daga arewa har daga Jamhuriyar Nijar. Wanda duk ke ganin tare ruwa almubazzaranci ne, farin ya sauya masa tunani. A daidai lokacin ne kuma farashin man fetur ya tashi a 1973, kuɗi suka shigo wa jihohi. Gwamnatin ta tsara wasu madatsun da dama a sassan jihar, waɗansu aka gama a zamaninsa, waɗansu sai bayan tafiyarsa.

Yadda ruwan ke isa gona

Abin da ya sa aikin Kogin Kano ya bambanta da wasu takwarorinsa shi ne ba ya bukatar inji kafin ruwa ya tafi. Tiga tana kan tudu, gonakin suna ƙasa, saboda haka ruwa da kansa yake gangarowa. Babbar magudana ce ke ɗauko shi daga madatsar, ta biyo ta tafkin Ruwan Kanya a ƙasar Rano, daga nan ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi gabas wajen Bunkure, ɗayan ya yi yamma ya shayar da ƙasar Garun Malam da Kura. Daga waɗannan rassa ƙananan magudanu ke fita, su ma su rarrabu har zuwa 'yar hanyar ruwan da ke bin gefen gonar manomi.

Muhimmancin wannan ya fito fili idan aka kwatanta da babban aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi a Jihar Borno, wanda ya dogara da injinan tura ruwa daga tafkin. Da tafkin ya ja baya a shekarun 1980, aikin ya durƙushe. A Kano kuwa, ko da gwamnati ta yi sakaci, ko babu man inji babu lantarki, muddin an buɗe ƙofar ruwa a Tiga zai iso.

A kashin farko na aikin an tsara shayar da hekta 22,000. Ba a kai ga cike wannan adadi ba, abin da aka gina ya tsaya wajen hekta 15,000. Yadda aka yi shi ne a karɓi gonakin jama'a, a baje su da manyan motoci, a yanka hanyoyin ruwa da na mota, sannan a mayar wa masu su. Manomi ya ci gaba da zama mai gonarsa, yana biyan kuɗin ruwa. Shekara guda bayan saukar Audu Bako, a 1976, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, madatsar da gonakin suka koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Masu tsara aikin alkama suka fi sa wa ido, domin a rage wadda ake shigowa da ita daga waje. Manoma kuwa suka bi kasuwa. Da sanyin hunturu ana shuka alkama, amma tumatur da albasa da masara da kayan miya sun ci fili mai yawa, da damina kuma shinkafa ta mamaye ko'ina. A hankali Kura ta zama garin shinkafa, da masu turara ta da masu injinan casa, har sunan ya fara rufe na rini. Kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya ta zama wurin da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatur zuwa Legas da sauran biranen kudu. Cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tashar gwaji a Kadawa, kuma a nan ne kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatur a 2016. Yankin da a da mutanensa ke fita cirani ya koma wurin da 'yan cirani ke zuwa neman aikin dashe da tsinka.

Su ma mutanen birni suna shan wannan ruwa. Matatar ruwa ta Tamburawa daga Kogin Kano take ɗiba, kuma abin da ke riƙe kogin da rani shi ne ruwan da ake saki daga Tiga.

Kano a matsayin wurin zuwa

Tun shekararsa ta farko a ofis gwamnatin Audu Bako ta fitar da tsarin bunƙasa yawon buɗe ido, irinsa na farko a jihar. Kano na da abin da ake bukata: filin jirgin sama da ya daɗe yana karɓar jirage daga Turai, tsohon birni mai ganuwa, da hawan salla da babu kamarsa. Abin da ya rage shi ne masauki da wuraren da baƙo zai je bayan ya gama zagaya birni, da kuma inda su kansu Kanawa za su kai iyalansu.

Daga wannan tunani aka samu gidan namun daji da aka buɗe a 1972, a wani fili mai faɗin hekta fiye da 40 wanda a lokacin bayan gari ne. A bakin tafkin Bagauda aka gina otal mai ɗakuna irin na gargajiya, a Tiga kuma aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa. Can kudu akwai dajin Falgore, wanda a da ake kira dajin Kogin Kano, inda ake kare namun daji. Idan aka dubi taswira za a ga wuraren a jere suke kan hanya guda: baƙo ya kwana a birni, ya yi yini a Bagauda, ya shiga kwalekwale a Tiga, ya ƙarasa Falgore.

A shekarun 1970 da 1980 tsarin ya yi aiki gwargwado. Bagauda ta zama wurin taruka da bukukuwa da hutun ƙarshen mako. Daga baya rashin kulawa ya cinye otal-otal ɗin. Harabar otal ɗin Bagauda ita ce yanzu reshen Kano na Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya. Rock Castle ya daɗe da daina zama abin da aka gina shi dominsa. Falgore kuma an fi jin sunansa a labaran tsaro fiye da na buɗe ido.

Gidan Zoo ne ya tsira da farin jininsa. Duk ranar salla da kwanakin da ke biye, dubban yara cikin sababbin kaya ke cika shi. Sai dai gari ya zagaye shi ta ko'ina, har a 2020 gwamnatin jiha ta sanar da niyyar mayar da shi Tiga, maganar da ta jawo muhawara mai zafi game da makomar filin da bishiyoyinsa.

Waɗanda suka biya farashi

Ba kowa ne ya ci ribar madatsar ba. Tafkin Tiga ya haɗiye ƙauyuka da gonaki da makiyaya, dubban mutane suka tashi aka sake musu matsuguni. Binciken da masana suka yi a yankin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna noman rani na bukatar kuɗin taki da iri da leburori, don haka ƙaramin manomi kan ba da hayar gonarsa ko ya sayar wa mai hali, ya dawo yana yi masa ƙodago. Ruwan da ke kwance a magudanu ya ƙara sauro da cutar tsargiya. Fulani makiyaya kuma suka rasa fadamun da suke kiwo da rani.

Babbar asarar a gabas ta faɗa. Mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru sun dogara ne da ambaliyar kowace shekara. Idan ruwa ya malala sai su shuka shinkafa, idan ya janye su shuka wake a danshi, masunta su kama kifi, shanu su samu ciyawa. Tiga, da madatsar Challawa da aka kammala a 1992, sun rage wannan ambaliya ƙwarai. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin kogi, wani wuri ya bushe wani wuri ya nutse. Masana tattalin arziki da suka auna lamarin a shekarun 1990 sun nuna cewa abin da kowace ma'aunin ruwa ke samarwa a waɗancan fadamu ya fi abin da take samarwa a gonakin da aka tare ta dominsu. Abin lura shi ne Haɗejiya a cikin Jihar Kano take lokacin da aka gina Tiga. Talakawan gwamna guda ne aka ɗebe wa ruwa aka ba wasu.

Saukarsa

Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon yana taron shugabannin Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da gwamnatinsa. Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya zama shugaban ƙasa, ya sauke gwamnonin jihohi 12 duka. Kanal Sani Bello ne ya gaji Audu Bako.

Sabuwar gwamnati ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsofaffin gwamnonin. Biyu kawai kwamitin ya wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Sauran goman, har da Audu Bako, an same su da laifi, aka hukunta su da kora da ƙwace kadarori. Wannan ɓangare ne na tarihinsa da ba a cika ambata ba a wajen yabo, amma yana nan a rubuce.

Bayan barin mulki ya koma Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ya kama noma, sana'ar da ya shafe shekara takwas yana yi wa hidima daga ofis. Bai daɗe ba. Allah Ya yi masa rasuwa a 1980, yana da shekara 55 ko 56, ya bar iyali da 'ya'ya 11.

Hukuncin da Kanawa suka yanke masa daga baya ya sha bamban da na kwamitin. Sakatariyar gwamnatin jiha sunansa take ɗauke da shi, haka Gidan Zoo, haka babban titi a unguwar Nasarawa, haka Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta. Har yau idan ana muhawara kan gwamnonin Kano, da shi ake auna na baya.

Abin da ya rage a gani

Magudanun da aka gina a zamaninsa sun tsufa. Shekara da shekaru yashi da ciyawa sun cike su, ƙofofin ruwa sun lalace, manoman da ke ƙarshen layi kan jira ruwa ya gagara isowa. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa da ake kira TRIMING, kuma aikin Kogin Kano na cikin waɗanda aka gyara. Shirin ya ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin tara kuɗi da yashe ƙananan magudanu da kansu. Ko gyaran zai ɗore ya danganta da waɗannan ƙungiyoyi da kuma hukumar da ke riƙe da madatsar, domin abin da ya kashe otal ɗin Bagauda, wato a gina a bari, shi ne ke iya kashe magudanar ruwa.

Ga mai son ganin aikin Audu Bako da idonsa, lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu. Ya fara da Gidan Zoo da safe, ya hau hanyar Zariya. Kafin ya yi tafiyar kilomita 40 zai ga ƙasa ta sauya launi: daga karan dawa da busasshiyar ciyawa zuwa koren alkama da jan tumatur, ga balbelu na bin masu ban ruwa, ga 'yan mata da kwanduna a ka, ga yara na wanka a magudana. Ya ratsa Kura ya ga buhunan shinkafa, ya tsaya Kwanar Gafan ya ga lodi, ya ƙarasa Tiga kafin la'asar ya tsaya a kan bangon madatsar, inda masunta ke dawowa da kamun yini. Idan ya juyo ta Rano ya biyo Bunkure, zai ga ɗaya reshen ruwan da gonakin da yake shayarwa.

Ba a sayar da tikitin shiga waɗannan wurare, kuma ba su cikin jerin da aka saba nuna wa baƙi. Amma dubban gidaje ne ke ci daga cikinsu, shekara 50 bayan wanda ya assasa su ya bar ofis.

Allah Ya jiƙan Alhaji Audu Bako, Ya gafarta masa kurakuransa.